Minti Ukun Verna Haugland

Duk wanda ya taɓa miƙewa ya yi magana a taron kwamitin makarantarmu ya san kazar Verna Haugland. Ba mai rai ba ce. Agogon dafa ƙwai ne da aka yi da siffar kaza, fara mai jan zanko, in an murɗa ta sai ta yi ta ƙyas-ƙyas har lokaci ya cika ta fashe da ƙara. Verna kan fito da ita daga jaka ta ajiye a kan tebur tun kafin ta cire rigar sanyi. In ka rubuta sunanka cikin masu son magana, za ta kira ka, ta murɗa kazar zuwa minti uku. Da ta yi ƙara ka gama, ko da kana tsakiyar kalma ne.

Ni nake rubuta abin da aka faɗa a taron. Da na gama jami'a na dawo gida Kildal, aka ba ni aiki a ofishin makaranta, rubutun taro kuma yana cikin aikin. Kujerata tana can ƙarshen tebur. Ba ni da ƙuri'a, ba a kuma tambayar ra'ayina, hakan ya fi mini kwanciyar hankali. Daga nan nake kallon mutum biyar ɗin da gari ya zaɓa su riƙe makarantar, ga Verna a tsakiyarsu, gajeriya, kakkaura, fatar hannunta duk sanyi ya faffasa ta.

A gidan kiwon tumaki aka haife ta, arewa da gari, inda har yau hanyar ba kwalta. A kan doki ta yi zuwa makaranta, makarantar ma ɗaki guda ce da murhu a tsakiya. Ta auri Nils Haugland, ta koma gidan kiwonsu, wanda in ka hau tudu kana hango na iyayenta. Nils ba mai magana ba ne, sai Verna ta riƙa yin tasa tana yin tata. Da ya rasu ba ta sayar da tunkiya ko ɗaya ba. Bayan nan ɗansu ya tafi aiki Alaska, aurensa ya mutu, aka kawo mata jikarta Marit tana 'yar shekara huɗu, da akwati ɗaya da tari mai hana barci. Tun daga ranar su biyu suke zaune.

Maganar motar ɗaukar yara ce ta kai ta kwamiti. Shekarar da Marit za ta shiga makaranta aka so a daina tura motar hanyar arewa. Verna ta zo taro ta yi magana, aka gode mata aka wuce, sai ta tsaya zaɓe ta ci. A lokacin taro ba ya ƙarewa, don kowa ya miƙe sai ya faro daga zamanin kakansa. Da aka ba ta shugabanci ta zo da kazar daga ɗakin girkinta. Sharuɗɗanta biyu ne: minti uku ga kowa, kuma ba a ba wani aron minti. Aka yi gunaguni, aka saba. Selmer Dahl, wani tsoho da ba ya fashin taro don ya koka da haraji, ya sha rantsewa sai ya ga kazar nan a tukunya kafin ya mutu.

Akwai wata doka kuma da ba tata ba, ta jiha ce, amma ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Maganar makaranta a gaban jama'a ake yin ta, 'yan kwamiti ba sa ƙulla ta a waje. In uku daga cikinsu suka ci karo a shagon kayan gona, ɗaya yakan fita ya jira a mota. Verna ta ƙara wa dokar gishiri, ita ko mutum biyu ba ta yarda ba. Takan ce wannan ya gaya wa wancan, wancan ya gaya wa na uku, an yi taro ke nan ba a kira gari ba.

Ajinmu ɗaya da Wade Kessel lokacin da aka kore shi. Ya je harbin tsuntsaye da sassafe, ya wuto makaranta da bindigar a motarsa. Dokar makarantarmu ta ce ɗalibin da ya shigo haraba da bindiga korar shekara guda ce, sai dai in tana cikin mota, motar kuma a kulle. To, a Kildal ba mai kulle mota. Makullin ma a jiki ake barinsa, ko wani zai so ya matsar da ita. Kwamiti yana da ikon sassauta hukuncin, amma shekarar an yi wani mummunan harbi a wata makaranta can nesa, kowa ya gani a talabijin, zukata a tsorace suke. Verna ta ce doka doka ce, sauran suka bi ta. Wade ya yi ta aikin gonakin mutane, da shekarunsa suka kai ya tafi rijiyoyin mai na Dakota, bai sake shiga aji ba. Kujerarsa tana bayan tawa, har shekarar ta ƙare ba wanda ya zauna a kanta.

Zaɓen da ya biyo baya mahaifinsa Orrin ya tsaya ya ci, daga baya ya zama mataimakin shugaba. Dogo ne, mai gyaran injinan noma, ba ya magana sai ya juya hularsa sau biyu a hannu. Yana zaune a daman Verna duk wata, suna miƙa wa juna takardu, suna yarda da juna a kan rufin makaranta da albashin malamai. Bai taɓa ambatar sunan ɗansa a teburin ba. Ita ma ba ta taɓa ba.

A watan Afrilun bara, tsakiyar haihuwar tumaki, dila ya addabi garken Verna. Ta yi ta zagaye da bindiga a a-kori-kurarta tana nemansa, da ta gaji ta cusa bindigar bayan kujera ta manta. Ranar Litinin motar Marit ta ƙi tashi. Verna tana cikin rumfa da tunkiya mai naƙuda, ta ce mata ta ɗauki a-kori-kura. Marit tana ajin ƙarshe a lokacin. Ta sami tallafin karatu a kwalejin koyon jinyar dabbobi, da sharaɗin ta gama makaranta a watan Mayu.

Da rana ta fita ɗauko safar hannu, ta turo kujerar gaba, ta ga bindigar. Ba wanda ya gani sai ita. Ta rufe ƙofar ta zo ofis ta gaya wa shugaban makaranta, Mista Pruitt. Ina teburina ina jinsu.

"Amma dai motar a kulle take," in ji shi, muryarsa kamar mai roƙo.

"Ba ta kulluwa. Makullin ƙofar ya ɓace a cikin ciyawa tun kakana yana raye."

Mista Pruitt ya daɗe yana kallon tebur. Ba shi da yadda zai yi, ya ce ta zauna a gida har kwamiti ya zauna ranar Talata ta sama. In aka bar dokar yadda take, Marit ba za ta gama a Mayu ba, tallafin kuma ya tafi.

Ranar Alhamis ya aike ni in kai mata aikin aji. Na same ta ita da kakarta a rumfar haihuwar tumaki, wari da ɗumi sun cika ta. Marit tana zaune a kan damin ciyawa tana ba wani ɗan tunkiya maraya madara a kwalba.

"Ga 'yar gidan Nygaard ta kawo wa fursuna aiki," in ji Verna da ta gan ni. "Shigo, ki dai duba inda kike taka ƙafa."

Na miƙa takardun na tsaya a gefe. Verna ta juyo gare ni.

"Ke da kika yi jami'a, ki yi mini bayani. Mutum ya ga abu, ba wanda ya gan shi, sai ya ɗauki ƙafarsa ya kai kansa ƙara. Da ta ja mota ta dawo gida ta ce cikinta ke ciwo, wa zai sani?"

"Ke za ki sani, Kaka," in ji Marit, ba ta ko ɗago ba. "Kuma da kanki za ki mayar da ni, kina tuƙi kina wa'azi."

"Wa ya koya miki wannan bakin?"

"Wata tsohuwa ce, mai ajiye bindiga a wurin safar hannu."

Verna ta fara dariya, sai ta katse. Ta juya ta kama gyara fitilar da ke ɗumama 'yan tumaki, fitilar kuwa ba abin da ya same ta.

Muna nan muka ji mota a waje. Ardis Brekke ce, ƙawar Verna tun makarantar ɗaki guda, ita ma 'yar kwamiti. Benci ɗaya suke zama a coci, tebur ɗaya suke shan kofi bayan an tashi. Ban taɓa ganin Verna ta yi sauri irin na ranar ba. Kafin Ardis ta kashe inji ta riga ta dafe ƙofar motar.

"Kada ki fito."

"Burodin kirfa na kawo wa yarinya, Verna, ba ƙuri'a ba."

"Miƙo ta taga."

"Shekara nawa ina shiga gidan nan ba sallama, yau kuma a taga za ki tsare ni kamar mai talla?"

"Ranar Laraba ki shigo ki kwana in kin ga dama."

"Kin dai san abin da ke raina."

"Ban sani ba, kuma kada ki gaya mini. Ga yarinyar ofis nan tsaye tana ji."

Na sunkuyar da kai na kalli takalmina, wanda na riga na taka abin da aka ce in duba.

Ardis ta miƙo tiren ta taga. "Taurin kan nan shi zai kai ki kabari."

"Nils dai ya kai kabarin, ni ya bar ni. Sauka lafiya."

Da zan tafi Verna ta rako ni mota, tiren yana hannunta har lokacin.

"Ki sa sunana cikin masu magana ranar Talata."

"Misis Haugland, ai ke ce shugaba."

"Ba a kan wannan ba. A kan wannan ni kakar yarinya ce, kuma mai bindiga. Su huɗu za su rage. In aka yi biyu da biyu fa?"

"Sassaucin ya faɗi ke nan, doka ta tsaya."

"Na sani. So nake in ji daga bakin wani." Ta dubi tudun da ke bayan rumfa. "Orrin ne zai riƙe kazar."

Irin wannan zama a rufe akan yi shi don a rufa wa ɗalibi asiri, sai in shi ya ce a buɗe. Marit ta ce a buɗe, ai ko karnukan gari sun ji labarin. A ɗakin karatu muke taro, amma ranar Talata tun da yamma aka ga ba zai ɗauki mutane ba, aka kwashi kujeru zuwa zauren wasanni. Tebur ɗinmu ya koma ƙarƙashin ragar ƙwallon kwando. Makiyaya sun zo da takalman rumfa, wasu ko gida ba su biya ba.

Verna ta buɗe taro kamar kullum. Aka amince da rubutun taron baya, aka yi maganar tayoyin motar ɗaukar yara, aka yi ta tukunyar ɗumama azuzuwa. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma ja ba. Da aka zo kan maganar Marit ta ce, "Wannan ta shafi gidana, zan sauka. Mista Kessel." Ta tura masa kazar a kan tebur, ta ɗauki jakarta, ta zagayo ta zauna a layin gaba kusa da jikarta. Kujerar ta fi ƙarfinta, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa sosai. Duk zamana a teburin ban taɓa lura da haka ba.

Mista Pruitt ya faɗi abin da ya faru, ya karanta dokar, ya ƙara da cewa ba harsashi a bindigar kuma yarinyar ita ta kawo kanta. Orrin ya tambayi Marit ko tana da abin cewa. Ta miƙe ta ce, "Na shigo da ita, ban san tana ciki ba. Ina so in gama karatuna." Ta zauna.

Malamin kimiyya ya yi magana, mai koyar da ƙwallo ta yi. Kowanne Orrin ya murɗa masa kazar da manyan yatsunsa, a hankali, kamar mai tsoron ya karya mata wuya. Sai ya duba takarda ya ce, "Misis Haugland."

Kafin ta miƙe Selmer Dahl ya ɗaga sandarsa daga baya. "Shugaba, nawa minti ukun a ba ta. Haraji ya jira wata mai zuwa."

"Ba a ba da aron minti, Selmer."

"Wa ya ce?"

"Ka san wadda ta ce."

Aka yi dariya, ba mai yawa ba. Verna ta je gaban tebur ta tsaya inda ta tsayar da rabin garin nan. Orrin ya murɗa kazar.

Ta fara da kyau. Ta ce bindigar tata ce, motar tata ce, mantuwar ma tata ce, in da hukunci ita ya kamata ya hau. Sai ta shiga labarin dilan. Ta faɗi 'yan tumaki nawa ya ɗauke, ta inda yake shigowa, yadda ta gan shi ranar Asabar a bakin rafi ya tsaya yana kallonta kamar ya san ta. Ina rubutu ina jin ƙyas-ƙyas ɗin kazar, ina jin kamar in ja mata riga. Mace ce da ta fi kowa sanin tsawon minti uku, amma daga wancan gefen tebur ta san shi. Ardis ta rufe ido. Marit ta ce a hankali, "Kaka, bar dilan."

Ta bar dilan. Ta gyara tsayuwa, ta daina kallon jama'a, ta dubi Orrin shi kaɗai.

"Akwai wata magana kuma. Shekarun baya, a kan teburin nan, an kawo mana wani yaro, ni kuma na..."

Kazar ta fashe da ƙara.

A zauren wasanni ƙarar ta fi ta ɗakin karatu, sai da ta buga bango ta dawo. Verna ta tsaya baki a buɗe. Kowa yana kallon Orrin, don da ya ce ta ƙarasa ba mai hana shi. Bai ce ba. Ita ma ba ta roƙa ba. Ta rufe bakinta, ta ce, "Na gode, Shugaba," ta koma ta zauna. Selmer ya ce daga baya, ba da ƙarfi ba, "Kin ji yadda take."

Daga nan magana ta koma ta 'yan kwamiti huɗu, a gaban kowa. Curtis Lund, mai sayar da inshora, shi ya fara. Ba mugun mutum ba ne, yana ta goge gilashinsa. Ya ce yana son yarinyar kamar kowa, amma in aka sassauta wa jikar shugaba, me za a ce wa waɗanda ba a sassauta musu ba a baya? Ya ce "waɗanda" yana kallon ragar ƙwallo. Duk zauren an san mutum ɗaya ne.

Ardis ta ce ita tana ba da shawara a ɗauki kwanakin da Marit ta yi a gida a matsayin hukunci, ta koma aji gobe. Shawara ba ta zama abin jefa ƙuri'a sai wani ya mara mata baya. Orrin ya ce, "Akwai mai mara baya?"

Ta huɗunsu, Joyce Amundson, sabuwa ce a kwamitin, 'ya'yanta biyu suna ƙananan azuzuwa. Ta dubi Curtis, ta dubi Ardis, ta dubi hannunta. Na ɗaga alƙalamina daga takarda don ba abin rubutawa. Na ga Verna ta kama gefen kujera, Marit ta ɗora hannu a kan nata.

Orrin ya ɗauki hularsa daga tebur ya juya ta sau biyu.

"Tun ɗazu ake kewaye sunan ɗana kamar rami a hanya," in ji shi. "Sunansa Wade. Dokar ta ce shekara guda, shekara guda aka yanke masa. Bai dawo ba har yau. Ni na san abin da shekara guda take yi wa yaro, Curtis, ba sai an yi tsammani ba." Ya ajiye hular. "Na kira shi jiya a wurin aiki. Na ce masa ga abin da ake ciki, jikar Verna ce, ga kujerar da zan zauna a kai. Ya ce, 'Baba, wai tambayata kake yi?' Ya ce injin yana jiransa, ya kashe waya. Ni na mara wa shawarar baya."

Ni nake kiran suna a lokacin ƙuri'a, abu ɗaya ke nan da ake jin muryata a kansa. Misis Brekke ta ce i. Mista Lund ya ce a'a, ya faɗe ta a fili, bai ɓoye fuska ba. Misis Amundson ta ce i, da ƙyar aka ji ta. Mista Kessel ya ce i.

"Uku da ɗaya," in ji Orrin. "Marit, gobe da safe. Ki zo a motar makaranta."

Ba a yi tafi ba, mutanenmu ba sa yi. Sai dai na ji zauren gaba ɗaya ya sauke numfashi, kujeru suka yi ƙara, wani ya yi tari da ya daɗe yana riƙewa. Marit ta kifa kanta a kan gwiwa, kafaɗunta suna rawa. Verna ba ta rungume ta ba, ta dai riƙa buga mata baya kamar yadda take yi wa ɗan tunkiyar da ya sha madara da sauri. Ni kuwa sai a lokacin na ga na danne alƙalami har ya huda takarda.

Saura magana ɗaya a taron, ta fentin zauren. Orrin ya ce Misis Haugland tana iya dawowa kujerarta. Ta dawo, ta zauna, ta karanta maganar fentin daidai, aka jefa ƙuri'a, ta rufe taro. Kazar dai ta bar ta a gaban Orrin.

Marit ta gama a watan Mayu, yanzu tana kwaleji, in ta zo hutu ita take gyara wa kakarta yadda ake yi wa tumaki allura, su yi ta faɗa. Verna ta kira mai gyaran makulli daga babban gari ya canza na a-kori-kurar. Ita kaɗai ce mai kulle mota a Kildal, sau biyu kuma ta kulle makullin a ciki. Washegarin taron, ranar Laraba, Ardis ta je gidan, ta ce sai an biya ta ladan tsayuwar taga da kofi, aka biya ta.

Ranar taron ni na fito a ƙarshe, don sai na tattara takardu na kashe fitilu. Filin ajiye motoci ya kusa watsewa, Marit ta bi wata ƙawarta. Verna tana tsaye jikin a-kori-kurarta tana laluben jaka. Orrin ya zo da kazar a hannu. Motata tana kusa da su, ba ni da wata hanya sai ta gefensu.

"Kin manta kajinki," in ji shi.

"Ɗaya ce."

"Me za ki ce ɗazu?"

"Lokacina ya ƙare, Orrin."

"Na sani, ni na riƙe ta."

Ardis ta fito daga wajen motarta za ta nufo su, ta ƙirga su da ido, ta ga in ta zo sun zama uku, sai ta ɗaga hannu daga nesa ta juya.

Verna ta bi ta da kallo, sannan ta dubi Orrin. "Mu biyu ne fa."

"An riga an jefa ƙuri'a. Wannan ba maganar makaranta ba ce, maganar ɗana ce."

Ya murɗa kazar, ya ɗora ta a kan murfin injin motar a tsakaninsu, ya cire hularsa.

Wannan ba taro ba ne, ba aikina ba ne in rubuta, don haka na shiga mota na rufe gilashi. Injin motata sai ya ɗumama kafin ya yarda ya tafi, na zauna ina jira. Ta madubi nake ganinsu, ita tana magana kanta a ɗage don tsawonsa, shi yana kallon ƙasa yana juya hula. Ko ta gilashi na ji lokacin da kazar ta yi ƙara. Orrin ya miƙa hannu ya ɗauke ta ya sa a aljihun rigarsa, Verna ta ci gaba da magana. Na ja motata a hankali na bar su a nan.